Tokin uku a cikin fok ɗin keken Beljiyam

Ɗan ƙanwata ya shekara biyu yana tara kuɗin riɗi, ya shiga Kano ya dawo da keken hawa duwatsu, irin na Beljiyam, mai shokazoba gaba da baya. Garinmu yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, inda in ka sauka daga kwalta abu uku ne za su tare ka: burji mai gargada, burtalin shanu mai yashi, sai duwatsu masu faɗi da yara ke zamiya a kai. Kwana uku da sayen keken ya shigo gidana yana yarfe hannu.

"Kawu, an cuce ni. Shok ɗin gaba kamar icce yake. In na bi burji, hannuwana har tsami suke yi."

Kafin ya zo wurina ya riga ya kai wa wani mai faci a bakin kasuwa, wanda ya sa tsinke a bawul ya rage iskar da ka. Sai abu ya ƙara rikicewa. Yanzu da ya taɓa birki gaban keken ya dulmiya, feda tana taɓo kunya in ya ratsa gona, amma duk da wannan laushin, in ya faɗa rami sai ya ji kamar ya daki bango. Mai facin ya yanke hukunci cewa shok ya mutu, a nemi wani. Na duba zoben robar nan da ke zagaye da sandar fok (wato shok ɗin gaba mai ƙafa biyu da ke riƙe da taya), wanda aikinsa shi ne ya nuna iya inda fok ɗin ya nutse. Fok ne na kamfanin RockShox mai tafiyar milimita 140, wato iyakar nutsewarsa ke nan, amma zoben bai taɓa wuce 100 ba. Wato akwai milimita 40 da yaro ya biya kuɗinsu, bai taɓa amfana da su ba. Da muka buɗe murfin saman ƙafar hagu, sai ga wasu 'yan gutsattsarin roba mai tauri guda uku a ɗaure da juna, suna rataye a jikin murfin. Su ne dalilin wannan rubutu.

Kafin kowa ya ɗauki sifana, ya fara tabbatar da irin fok ɗinsa. Yawancin kekunan da ake kira na hawa dutse a kasuwanninmu sifirin ƙarfe ne a cikinsu, irin SR Suntour XCT da XCM da ƙannensu marasa suna. Waɗannan ba ruwansu da wannan magana. Na iska shi ne wanda in ka kwance ɗan murfin da ke saman ƙafar hagu za ka ga bawul irin na tayar mota. Bambancin halinsu shi ne tushen komai. Sifirin ƙarfe mai gaskiya ɗaya ne: in nauyin kilo 10 ya danna shi santimita ɗaya, kilo 20 zai danna shi santimita biyu, haka har ƙarshe. Iska ba ta da wannan ɗabi'ar. Ka sami sirinji marar allura, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna. Da farko zai tafi salin-alin. In ka kai rabi za ka ji ya fara gardama. Daf da ƙarshe kuwa, ko ƙarfinka ya kai na ɗan dambe ba za ka haɗe shi ba. Robert Boyle, masanin nan ɗan ƙasar Ayalan, ya bayyana wannan tun 1662: in ka matse iska ta koma rabin wurin da take, ƙarfin turinta zai ninka biyu, in ta koma kashi ɗaya cikin uku ya ninka uku. Fok ɗin iska sirinji ne babba, da fistin a ciki, nauyin mahayi yana danna shi.

To waɗannan gutsattsarin roba fa? RockShox suna kiran nasu Bottomless Token, shi ya sa masu keke ke ce musu tokin. Sun bazu ne bayan da kamfanin ya fito da sabon fok ɗinsa mai suna Pike a 2013. Kamfanin Fox ma suna da nasu, sai dai na RockShox murɗa su ake yi a jikin juna kamar noti, na Fox kuma maƙala su ake yi. Babu wata dabara a cikinsu, babu sifiri, babu bawul. Wuri kawai suke ci. Kamar dai ka zuba duwatsu a cikin randa: randar tana nan yadda take, amma ruwan da za ta ɗauka ya ragu. Ɗakin iskar ya ƙanƙance, fistin kuma tafiyarsa ba ta ragu ba, saboda haka iskar za ta matsu fiye da da.

Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi, don duk ruɗanin da ake yi daga nan yake fitowa. Bari in ƙaga misali mai sauƙi, in ajiye wasu ƙananan abubuwa gefe. A ce ɗakin iska yana ɗaukar cc 150 (cc shi ne ma'aunin da ke jikin sirinji), fistin kuma in ya yi tafiyarsa duka yana cinye cc 100, sai ya rage saura 50. A ce an hura psi 80 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska, irin na taya). Idan fok ya ƙure, iskar da ke cikin 150 ta koma cikin 50, ta ninka uku, ta zama 240. Yanzu a jefa tokin ɗaya mai cc 10. Ɗakin ya zama 140, abin da zai saura a ƙarshe 40, ninki uku da rabi ke nan, psi 280. Tokin biyu: 130 ya koma 30, kusan psi 347. Tokin uku: 120 ya koma 20, ninki shida cur, psi 480. Ka ga tokin na farko ya ƙara 40, na biyu ya ƙara kusan 67, na uku ya ƙara sama da 130. Girmansu ɗaya, amma aikinsu ba ɗaya ba ne, kowane na baya ya fi na gabansa cizo.

Sai mu koma farkon tafiyar. In mahayi ya zauna kawai, fok ya nutse kashi 20 cikin 100, fistin ya ci cc 20. Ba tokin, iskar tana kan psi 92. Da tokin ɗaya 93, da biyu 95, da uku 96. Bambancin psi 4 ke nan tsakanin fok marar tokin da mai tokin uku, abin da hannu ba zai ma ji ba. A tsakiyar tafiya kuma 120 ne da 137, ya fara nunawa amma bai kai ya kawo ba. A ƙarshe ne ya zama 240 da 480. Duk wanda ya riƙe waɗannan lambobin ya gama gane tokin: a farkon tafiya kusan ba ya nan, a tsakiya yana leƙowa, a ƙarshe shi ne mai gida. Famfo shi ke ɗaga ko sauke tafiyar gaba ɗaya, tun daga farko har ƙarshe. Tokin kuma wutsiyar kaɗai yake lanƙwasawa. Tambayoyi biyu ne daban, amsarsu daban, mutane kuma suna amsa ɗaya da maganin ɗayar.

A kan hanya abin ya fi haka tsanani ma. Lissafin Boyle yana aiki ne in an matse iskar a hankali, zafinta bai canja ba. Wanda ya taɓa hura tayar Raleigh ko Phoenix da famfon hannu ya san gindin famfon yana ɗaukar zafi. Iskar da aka matse farat ɗaya tana yin zafi, zafin kuma yana ƙara mata turi. Saboda haka dannawar da kake yi a tsakar gida ba ta gaya maka gaskiyar abin da zai faru in ka diro daga kan dutse a guje. A misalinmu, 240 ɗin nan tana iya haura 300 a lokacin dukan gaggawa. Shi ya sa ba a yanke hukunci kan tokin a tsaye.

Yanzu abin da ya sami ɗan ƙanwata ya fito fili. Wanda ya fara mallakar keken, ko waye shi, da alama ƙato ne mai tsalle-tsalle, ya cika iska ya kuma sa tokin uku don kada fok ya riƙa ƙurewa in ya diro. Yaron nan kuwa nauyinsa kilo 58. Taurin da ya fara ji a kan burji na yawan iska ne, da bushewar robobin da ke share sanda, tokin ba shi da laifi a nan. Da aka rage iskar ba ma'auni, sai fok ya zube ya zauna can tsakiyar tafiyarsa tun kafin a taka komai. Daga wannan wurin zuwa bangon da tokin uku suka gina, 'yar tazara ce. Kowane rami sai ya kai shi ga bangon. Shi ya sa yake jin laushi da tauri lokaci guda, har ya rasa yadda zai kwatanta. Sau da yawa fok ɗin da iskarsa ta yi kaɗan ya fi wanda iskarsa ta yi daidai dukan hannu, abin da mutane ke wuyar yarda da shi sai sun gwada.

Akwai wani ɗaki na biyu da ba a ganinsa, a ƙarƙashin fistin. Iskar da ke cikinsa tana tura fistin sama, tana taimaka wa nauyin mahayi a farkon tafiya, don in babu ita sai ka fara cin ƙarfin psi 80 ɗin nan tukuna kafin fok ya motsa ko kaɗan. A yawancin fok na zamani bawul ɗaya ne ke cika ɗakunan biyu: akwai wata 'yar loɓa a jikin bututun, in fistin ya zo kanta sai iska ta ratsa, ɗakunan su daidaita. Wannan ne dalilin da ya sa in kana hurawa ake son ka riƙa tsayawa kana danna fok ɗin sau da yawa. In ba ka yi ba, ma'auni zai nuna maka lamba, ka hau keke ɗakunan su daidaita, lambar ta sauka, ka ce fok yana yoyo. Laushin farkon tafiya da ɗaurin tsakiya sun fi rataya a kan girman wannan ɗakin na ƙasa, kuma shi kamfanoni suka yi ta faɗaɗawa, kamar yadda RockShox suka yi da abin da suka kira DebonAir. Tokin ɗin da ake sawa a sama bai taɓa shi.

Aikin yana da jeri, kuma wanda ya tsallake jerin zai yi ta zagaye. Farko famfo. Famfon shok daban yake, ƙarami ne mai ma'auni, yana kai psi 300, kuma yana tura iska kaɗan-kaɗan. Injin mai faci bai dace ba, don ɗakin ƙarami ne ƙwarai, taɓawa ɗaya ta wuce misali. Ka sa kayan da ka saba hawa da su, har da gorar ruwa in kana goya ta, wani ya riƙe maka kan keken, ka miƙe a kan feda, ka ɗan jijjiga, ka tsaya cik. A tura zoben roba ƙasa, ka sauka a hankali ba tare da ka danna ba, a auna da rula. Ga fok ana neman nutson kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tafiyarsa, wato milimita 21 zuwa 28 a fok mai 140. Ga shok ɗin baya kashi 25 zuwa 30. 'Yar ƙarar da za ka ji in kana cire famfo iskar tiyo ce take fita, ba ta fok ba. In ka mayar da famfon kuma ka ga lamba ta ɗan ragu, tiyon ne ya sake cika daga cikin fok.

Na biyu, jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama, mai kula da saurin dawowar fok bayan ya nutse. Wannan ɓangaren mai ne, ba na iska ba, amma suna tafiya tare. Wanda ya rage iska sosai ya bar dawowa a yadda ƙato ya saita ta, fok ɗinsa zai riƙa dawowa da nawa. A kan burjinmu mai gargada, inda ƙananan tudu ke jere kamar haƙoran zarto, kafin ya dawo daga na farko na biyu ya same shi, ya yi ta nutsewa yana taruwa a ƙasa har ya koma kamar icce. Na ga wanda ya ɗora wa tokin wannan laifin, an bar jaki ana dukan taiki.

Sai bayan waɗannan biyun sun zauna ake zuwa ga tokin, kuma zoben roba ne alƙali. Ka zaɓi hanya ɗaya wadda ka sani, mai ɗauke da mafi munin abin da ka saba takawa, ka tura zoben ƙasa, ka bi ta da saurin da ka saba. Idan nutso daidai yake amma zoben yana kai wa ƙarshe a kai a kai, har kana jin ƙwas, ƙara tokin ɗaya. Idan nutso daidai yake amma ko a dukan da ya fi kowanne zoben ya bar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, cire ɗaya. Ɗaya, ba biyu ba, saboda lissafin da muka yi a baya. Sannan ka sake bin hanyar nan dai, ba wata ba. Kuma ƙurewa sau ɗaya a wuri mai tsanani ba aibu ba ne, don haka aka yi tafiyar. Haka nan ba dole ba ne kowace fita zoben ya kai ƙarshe. Wanda ya je gona ya dawo ta burtali ya ga zoben a rabi, hanyar ce ba ta nemi fiye da rabi ba.

Ra'ayina, kuma na san akwai masu keke a birni da ba za su so shi ba, shi ne yawancinmu a wannan yanki cirewa muke buƙata, ba ƙarawa ba. Tokin an yi shi ne don mai dirowa daga tudu da mai gangarowa a guje daga tsauni. Su waɗanda suka ƙago wannan wasa a shekarun 1970, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, a gangaren tsaunin Tamalpais na Kalifoniya suka fara, kuma har yau kayan da ake ƙerawa irin wannan ƙasar ake tunani. Mu kuwa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da ke cin jikinmu shi ne ƙananan duka dubu a jere, da kwazazzabon da ruwan Agusta ya yanka, da sawun amalanke da ya bushe ya zama kamar kankare. Irin wannan hanya fok mai sakin jiki take so, wanda zai yi amfani da tafiyarsa. Ga kuma jikinmu: matasan karkara da yawa ba su kai kilo 65 ba. Mai ƙaramin nauyi yana hura iska kaɗan, amma gogayyar robobi da ƙarfin ɓangaren mai ba su ragu don shi ba. Akwai ma wata iskar da ke kulle a cikin ƙafafun fok na ƙasa, wadda ita ma take matsuwa in fok ya nutse, tamkar wani tokin da ba a gani. Ga mai kilo 95 ba ta taka kara ta karya ba, ga mai kilo 58 kuwa kaso ce mai yawa. Saboda ita ne Fox suka sa 'yan maɓallan sakin iska a bayan ƙafafun fok ɗinsu na 38 da ya fito a 2020. Wanda zai tafi duwatsun Riruwai ko na Rano ya yi gangara ta gaske, shi maganarsa daban, zai iya buƙatar tokin biyu ko fiye.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi kowanne yawa, wato neman maganin dulmiya da tokin. Mutum ya ga gaban kekensa yana nutsewa in ya taka birki ko ya shiga gangara, sai ya ƙara tokin. Dulmiyar birki a tsakiyar tafiya take faruwa, inda muka ga tokin uku ma psi 17 kawai suka ƙara. Abin da ya fi muni, da yawa in sun ƙara tokin sai su rage iska don farkon ya yi laushi, sai tsakiyar ta ƙara zubewa fiye da da. Maganin da ya fi kusa shi ne akasin haka: ƙara iska psi 5, cire tokin ɗaya. Fok zai tsaya a sama, tsakiya ta yi ƙwari, ƙarshe kuma ya buɗe. In fok ɗin yana da shuɗin maɓalli a saman ƙafar dama, a ƙara shi danni ɗaya ko biyu, don shi ne ke rage saurin nutsewa a irin wannan motsin na sannu.

Shok ɗin baya dokarsa ɗaya, amma akwai mai shiga tsakani. Tayar baya ba ta danna shok kai tsaye, ta hanyar wasu hannuwa na jikin keken take bi. Keken da tayarsa ke tafiyar milimita 140 alhali shok ɗin na tafiyar 55, kowace milimita ɗaya ta shok daidai take da biyu da rabi na taya, shi ya sa iskar baya take yawan kai psi 150 zuwa 250. Wasu kekunan an tsara hannuwansu yadda su da kansu za su ƙara tauri a ƙarshe, waɗannan tokin kaɗan suke so ko babu. Wasu kuma ba a yi musu haka ba, sun dogara ga iskar. Saboda haka abin da ya yi wa keken abokinka daidai ba lalle ya yi wa naka ba, ko da shok ɗinku iri ɗaya ne. A shok ɗin Fox Float galibi guda ɗaya ake sawa, a canja shi da babba ko ƙarami. A RockShox Monarch zobba ne ake jerawa.

Yanayinmu ma yana da baki a ciki. Da asubar hunturu zafi yana iya sauka digiri 15 ko ƙasa, a watan Afrilu kuma ya haura 40. Iskar da ke kulle tana ƙara turi da kusan kashi 9 cikin 100 tsakanin waɗannan biyun, wato fok ɗin da aka hura psi 80 da sanyi zai kusanci 88 da bazara. Man da ke ɗaya ƙafar kuma yana tsinkewa da zafi, ya yi kauri da sanyi. Wanda ya saita kekensa a Disamba ya ji ya canja a Afrilu, famfo zai ɗauko, ba sifana ba. Sannan ƙura. RockShox sun ce a kwance ƙafafun ƙasa a wanke a canja mai duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma sun sa cikakken gyara a awa 125 ko shekara guda. Waɗannan lambobin ba a jan burjin Jigawa aka auna su ba. Fok ɗin da robobinsa suka bushe yana maƙalewa, ya ƙi motsi a ƙaramin duka, sannan ya saki gaba ɗaya a babba. In haka yake, nutson da ka auna ma ƙarya ne, balle hukuncin da za ka gina a kansa. Keken Beljiyam kuwa ba wanda ya san rabonsa da mai.

Kwancewar kanta ba ta da wuya, amma tana da haɗari ɗaya na gaske. Ka rubuta lambar iskarka, sannan ka sake ta duka, a hankali, da maɓallin famfo, har ka danna bawul ka ji shiru. Murfin da ke riƙe da psi 80 in aka kwance shi da iska a ciki harsashi ne, kuma fuskarka ce a saitinsa. Murfin na alminiyam ne, kafaɗarsa gajeruwa, sifanar kama-kowa tana cinye ta nan take. Soket ake so mai baki a shafe, daidai girmansa. Wasu sababbin RockShox kuma da makullin da ake kwance haƙoran giyar baya ake buɗe su. A goge wurin tas kafin a buɗe, a yi aikin a cikin ɗaki, ba a tsakar gida da iskar hunturu ba. Kowane fok yana da iyakar tokin da zai ɗauka, iyakar kuma ta danganta da tsawon tafiyarsa: iri ɗaya mai gajeriyar tafiya ya fi mai doguwa ɗauka, don ɗakinsa ya fi saura. In aka wuce iyaka fistin zai daki tokin.

Na san halinmu, wani zai ce ai sai in yanko silifas ko murfin gora in jefa. Abin da ba a ɗaure a jikin murfi ba yawo zai yi, ya karce cikin bututu, kuma bututun da ya karce ya gama riƙe iska. Wasu suna zuba mai ko giris a ɗakin don ya ci wuri. A tsofaffin fok dabara ce da aka sani, amma a masu 'yar loɓar nan man yana sulalewa ɗakin ƙasa, ya ƙanƙantar da shi, ko giris ya toshe loɓar fok ya tsotse ya ƙi miƙewa. Wasu kamfanonin sun kauce wa wannan wahalar gaba ɗaya: MRP suna da wani murfi mai suna Ramp Control da ake murɗawa da hannu, Manitou da Öhlins kuma suna da ɗaki na uku mai bawul ɗinsa, da famfo ake saita ƙarshen tafiya. Samun irinsu a nan sai an yi dace.

Mu dai ranar mun wanke ƙafafun fok, muka tarar soson da ke ƙarƙashin robobi ya bushe ya yi baƙi ƙirin. Muka jiƙa shi da mai, muka cire tokin ɗaya, muka hura psi 60, nutso ya tsaya milimita 26, muka buɗe jan maɓalli danni uku. Ya bi hanyar da ke ratsa bayan dutse ta sauka rafi, ya dawo zoben yana kan 115. Washegari muka cire na biyu. Da yamma ya shigo da keken har tsakar gida, ya nuna mini zoben, saura faɗin ɗan yatsa ya taɓa sama.

"Kawu, in cire na ƙarshen ma?"

Na ce ya bar shi tukuna sai damina ta yanka kwazazzabai mun ga abin da zoben zai ce. Biyun da muka cire ya zuba su a gwangwanin madara tare da takardar da muka rubuta lambobin, ya ɗora a kan taga.